Zauren Iyali: Rigar Litinin

Maganarmu ta wannan wata ƙarama ce a ido: riga, wando da takalmin 'yan makaranta. Wani zai ce, duk abin da ke damun duniya, sai batun maɓalli? To, a yi haƙuri a saurare mu.

Wanda ya taɓa tsayawa bakin hanya a Gumel ranar Litinin wajen ƙarfe bakwai da rabi na safe, ya ga abin da muke nufi. Ga yara nan suna wucewa garke-garke. Waɗansu tsaf da su, har karin guga na nan a hannun riga. Waɗansu kuwa rigar da sauran danshi, an ciro ta daga igiya ba ta gama bushewa ba. Wani yana tafe riƙe da wando da hannu ɗaya, domin roba ta saki. Akwai kuma waɗanda ba ka ganinsu sai takwas ta gota, suna gudu, hawaye ya bushe a kumatu. In ka bi sawun waɗannan zuwa gida, sau da yawa ba barci ne ya makarar da su ba. An ɓata rabin sa'a ana neman takalmi ƙafa ɗaya, uwa tana faɗa, uba yana tsawa, kunu ya huce.

Ba za mu fara da gidan wani ba, gama namu bai tsira ba. Shekarun baya, wata Litinin da sassafe, aka tuna ba a goge rigar ɗanmu na biyu ba. Uwargida ta kwaso garwashi daga murhu cikin gaggawa ta zuba a dutsen guga. Wani ɗan garwashi ya faɗo ta kafar dutsen, ya huda rigar a ƙirji, hudar da ba ta fi kwabo faɗi ba. Rigar ke nan guda ɗaya. Muka ce masa ya sa haka nan, ranar Asabar a kai wa tela. Ya sa, ya ɗauki jaka, ya fita. Kwana uku yana fita da safe, yana komowa lokacin tashi. Ran na huɗu maƙwabciyarmu mai ƙosai, wata dattijuwa Musulma mai kirki, ta leƙo ta ce, "Maman yara, lafiya yaron nan yake wuni gindin darbejiya bayan gidana?"

Maigida ya riga ya ɗauki tsumagiya. Da aka tambayi yaron, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, duk mai hudajjiyar riga gaban layi ake fito da shi, kowa yana kallo." Maigida ya ajiye tsumagiyar. Wa ya kamata a daka?

Abin da muke so iyaye su gane ke nan. Yaro ɗan shekara bakwai ba shi ke sayen sabulu ba, ba shi ke riƙe da allura ba, ba shi ke biyan tela ba. Amma idan riga ta yi dauɗa ko ta yage, shi ne ake tsayarwa gaban taron safe, shi abokai ke yi wa dariya. Laifin babba ne, kunyar ta yaro. Kunya kuwa ba ta tsayawa wuri ɗaya. Yau ya ɓuya bayan aji, gobe ya ƙi ɗaga hannu ko da ya san amsa, jibi ya ce cikinsa na ciwo. Ga 'ya mace da ta fara girma abin ya fi tsanani. Rigar da ta matse ta, ko ta yage a hammata, ta isa ta sa yarinya ta ce ita dai ta gaji da boko, iyaye kuma su ɗauka ƙwaƙwalwa ce ba ta ja.

Waɗanda suka shiga aji ɗaya a watan Satumba na 1976, sa'ad da gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe shirin firamare kyauta ga kowa, yau sun haura hamsin, waɗansu da jikoki. A lokacin ƙasar Gumel tana cikin Jihar Kano, gama sai 1991 aka yi Jigawa. Su tuna yadda suka ji ran da aka fara sa masu kayan makaranta, da yadda suka ji ran da wandon ya fashe a filin wasa. Zuciyar yaro ba ta sāke ba tun daga lokacin.

To, yaushe ake shirya rigar Litinin? Mutane sukan ce daren Lahadi. Mu dai mun ga daren Lahadi na dubawa ne, ba na wanki ba. A gidan mai bi, Lahadi cike take: sujada da safe, Makarantar Lahadi, gaishe-gaishen marasa lafiya, wani lokaci taro da yamma. Wanda ya bar wanki sai ya dawo daga wannan duka, zai yi shi a gajiye, cikin duhu, ya shanya kayan da ba lalle su bushe ba. Ranar Jumma'a ana tashi makaranta da wuri. Yaro yana shigowa a tuɓe kayan a jiƙa. In ba hali, Asabar da safe. A goge Asabar da yamma, a ninke, a sa cikin akwati. Mun karanta cikin Fitowa sura 16 yadda aka koya wa Isra'ilawa su tara abincin kwana biyu a rana ta shida, domin ranar hutu ta zama hutu da gaske. Dabarar nan ta yi wa kayan makaranta daidai.

Wata 'yar'uwa ta taɓa tambayarmu ko zunubi ne ta ɗinka maɓalli daren Lahadi. Muka tuna mata maganar Ubangiji cikin Luka sura 14 a kan dabbar da ta faɗa rijiya ran Asabaci. Mutumin ƙasar nan, mai shanu da rijiyoyi masu zurfi, ba ya bukatar a fassara masa wannan. A ɗinka maɓallin da zuciya ɗaya. Sai dai in kowane mako san naka yana faɗawa rijiya, lokaci ya yi da za ka yi wa rijiyar murfi.

Dubawar daren kuwa ba ta cin minti goma sha biyar. Bayan tuwo, kafin addu'ar iyali, kowane yaro ya kawo kayansa gaban fitila. A ƙirga maɓallai. A ja robar wando a gani. A juya riga a dubi ɗinkin hammata da na wuya, gama nan take fara buɗewa, nan kuma kwarkwata ke ɓuya in ta shigo gida. Dutsen guga mai zafi a kan ɗinki yana kashe ta har da ƙwanta. A laluba aljihu. Za ku yi mamakin abin da ke ciki: ƙwallon dabino, guntun alli, wani lokaci takardar da malam ya aiko tun ran Laraba. Kallabi ko hijabi, hula ko safa, duk abin da dokar makarantar ta ce, a haɗa wuri ɗaya. Takalmi ƙafa biyu a ɗora bisa, kada a bari a ƙasa, da safe kuma a kakkaɓe kafin a sa. A bazara kunama tana son irin wannan maɓoya.

Kowane lokaci na shekara da nasa hali. Da hunturu kaya sukan bushe nan da nan, amma farar rigar da ta kwana a igiya takan wayi gari ja da ƙura. A kwashe shanya kafin magariba. A nemo rigar sanyi tun Nuwamba, kada a jira sai yaro ya fara tari. Da bazara gumi ne abokin gāba. Yakan bar gishiri a wuya da baya, gishirin kuwa yana cin zare. Ko ba sabulu, a ɗauraye da ruwa kaɗan. Wanda ke sayen ruwa jarka-jarka wurin 'yan garuwa, ko matar da ke jan guga a ƙauyukan Sule Tankarkar da Gagarawa, sun san ruwan wanki ba na zubarwa ba ne: a fara da farare, a bi da masu launi, a ƙare da safa, sauran a yayyafa wa tsakar gida. Da damina, in hadari ya haɗu, a ɗaura igiya a ɗaki ko a rumfa. Yaran ƙauye da ke takawa mai nisa cikin rairayi suna fita tun gari bai gama wayewa ba. Su ba su da safiyar da za a yi gyara a ciki ko kaɗan.

A Maigatari akwai wani daren kuma, wato daren Laraba. Alhamis ce ranar babbar kasuwa, wadda fatake ke zuwa daga Nijar da kudancin Nijeriya saboda shanu, raƙuma da awaki. Uwa mai sayar da abinci da uba mai shago duk sukan fita da asuba, a bar yara su shirya kansu. In ba a ajiye kayan tun dare ba, ranar kasuwa takan zama ranar fashin makaranta. Dama mai riga ɗaya tilas ya yi wankin tsakiyar mako, to Laraba da rana ta dace. Riga ɗaya tana iya kai shekara, in an kiyaye doka guda: da an dawo a tuɓe. Ba a zuwa ɗiban ruwa da ita, ba a zuwa aike ko ƙwallo da ita.

Mun san akwai tsada. Dā yadin makaranta a ƙasar nan ake saƙa shi. Masaƙar Kaduna ta farko, wadda aka buɗe a 1957, ta daina aiki a 2002, da yawa kuma sun bi ta. Yadin da tela ke yankawa a Gumel yakan biyo ta Kantin Kwari a Kano, tafiyar sama da kilomita ɗari, tun kuwa da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya hau kan kowane kamu. Ga kuma wani abu: sabuwar shekarar karatu takan zo wajen Satumba, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon amfani bai kai kasuwa ba. Shawararmu ga manomi ita ce, ran da ya sayar da riɗi ko zoɓo da kaka, ya cire kuɗin yadi tun kafin ya bar kasuwa. Ya kai ɗinki lokacin da tela ba shi da cunkoso, ba gab da Salla ko Kirsimeti ba. Ya ce masa ya bar kalmasa mai faɗi, ya kuma ba shi ƙyallen da ya rage da maɓallai biyu na ajiya.

Kowace uwa ta san labarin Hannatu cikin Littafin Sama'ila na Fari sura 2. Ta ba da ɗanta ga hidimar Ubangiji a Shilo, a hannun Eli, amma kowace shekara takan ɗinka masa 'yar riga ta kai masa. Mukan yi tunani a kan matar nan. Shekara guda ba ta ga yaron ba, da me take auna shi? Lalle takan zauna ta ƙiyasta yadda ya ƙara tsawo, ta ƙara ɗan yatsa biyu a hannu, uku a ƙasa. Ba ta ce tun da yana gidan Allah, firist ya ji da tufafinsa ba. Haka mu ma, kai yaro makaranta bai sauke mana wannan kaya ba.

Yanzu ga maza. Mun lura a gidaje da yawa, uba yakan kai babbar rigarsa wurin mai wanki da guga, a sa sitati, a buga, ta dawo tana ƙyalli, amma bai san launin wandon makarantar ɗansa ba. In an koro yaro, sai ya juya ga matarsa, "Ke me kike yi a gidan?" Ita kuwa ta dafa, ta share, ta yi goyo, sabulun ma tun Talata ta ce ya ƙare. Maigida, hura gawayi a dutsen guga ba ya rage wa namiji girma. Gyaran maɗaurin takalmi ma aikinka ne, ko ka kai wa mai gyara tun Asabar. A gidanmu, tun bayan ƙunar nan, guga ta koma hannun maigida, har ya fi uwargida iya fitar da kari, ko da yake ita ba ta yarda ba.

Yaran ma a sa su ciki gwargwadon ƙarfinsu. Ɗan shekara shida ya iya jera takalmi da jaka. 'Yar shekara tara ta iya wanke safa da kallabi. Daga sha biyu, mace ko namiji, ya kamata ya iya zura zare a allura, domin wata rana makarantar kwana za shi, can kuwa ba Mama. Amma dutsen guga mai garwashi ba na ƙananan yara ba ne. Kuma ko yaro ya iya duka, babba ya duba a ƙarshe, ya yaba inda aka yi daidai.

Saura waɗanda ba su da rigar da za a duba. A kowace ikilisiya akwai gwauruwa mai 'ya'ya huɗu, akwai maraya da ke hannun kaka. A kowace ikilisiya kuma akwai akwatunan da ke cike da kayan makarantar da suka yi wa masu su kaɗan. Dokas ta Yafa, cikin Ayyukan Manzanni sura 9, ba a rubuta mana wa'azinta ba. Riguna da ta ɗinka su gwauraye suka ɗaga suna nunawa. Zumuntar Mata tana iya ajiye kwando ɗaya domin wannan, a wanke, a gyara, a goge kafin a bayar. A kai da dare, gida zuwa gida, kada a kira suna a gaban jama'a, kada kuma ɗanku ya je makaranta yana cewa, "Rigata ce wannan." In ɗan maƙwabci ne mai bukata, ko ba ya zuwa majami'armu, a ba shi.

Rigar nan mai huda kuwa, tela ya yanko ƙyalle ya ɗora mata aljihu a daidai wurin. Yaron ya sa ta shekara biyu, ƙanensa ya gāda, shi ma ya sa ta har ta ƙi shiga. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.