Naira hamsin ɗin da na hana a ba yarinya

Jama'a, tun shekaranjiya abokan ɗakina ke kirana marowaci, to bari in kawo ƙarar nan gabanku ku yi mana hukunci.

Muna layin ɗiban ruwa ne a bayan masaukinmu nan Ibadan, murfin jarkata ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin benci. Hannuwana biyu na riƙe da jarka, na miƙa ƙafa ban kai ba. Sai ga 'yar matar da ke soya mana ƙosai, yarinyar da ba ta wuce shekara uku ba, ta rarrafa ta ɗauko ta miƙo min tana dariya. Ba ta jin Hausa, ni kuma Yarabancina bai wuce gaisuwa ba. Ba wanda ya aike ta. Abokina ya zaro naira hamsin zai ba ta, na riƙe hannunsa. Na durƙusa na yi mata godiya da ɗan Yarabancin da na iya. Shi ke nan laifina.

Ga dalilina. A 2006 wasu masana biyu, Felix Warneken da Michael Tomasello, a cibiyar Max Planck da ke Leipzig a Jamus, sun gwada yara 'yan wata 18. Babba yana shanya, sai abin da yake maƙale kaya da shi a igiya ya faɗi, ya yi ta miƙa hannu bai kai ba. Kusan duk yaran sun taimaka, ba roƙo, ba alkawarin komai. Amma in da gangan ya jefar da abin, sai su ƙyale shi. Wato yaron da ko magana bai gama iyawa ba yana bambance mai buƙata da mai wasa.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na 2008. Suka raba yara 'yan wata 20 gida uku: wasu in sun taimaka a ba su abin wasa, wasu a yaba musu da baki, wasu ba a yi musu komai. Daga baya aka daina ba kowa komai. Waɗanda aka yaba wa da waɗanda aka ƙyale suka ci gaba da taimako yadda suka saba. Waɗanda aka saba wa kyauta su ne suka ja baya. An mayar musu da abin ciniki, da ciniki ya ƙare suka naɗe tabarma.

Akwai ma wani na 2012 da aka auna buɗewar ƙwayar idon yara 'yan shekara biyu. Hankalinsu yakan kwanta in mai buƙatar ya samu taimako, ko da wani ne ya taimaka masa ba su ba. Damuwarsu mutumin ne, ba a ce su suka yi ba.

Na san abin da za ku ce, don abokina ya riga ku faɗa: “Malam, tukuici al'adarmu ce, Turawan Jamus ne za su koya mana kyauta?” Ban ƙi ba. Ka ba yaro alewa don kana sonsa, ranar da bai yi maka komai ba. Abin da nake gudu shi ne kuɗin ya biyo bayan taimakon nan take, har yaro ya haɗa su a kansa. Mu tuna gidajenmu mana. Da muna ƙanana muna rigima a kan wa zai riƙe wa Baba buta, wa zai kai wa maƙwabta tuwo, me aka biya mu? “Allah ya yi maka albarka” ne kawai, kuma sai ka ji kamar an ba ka duniya.

Kada kuma wani ya fake da maganata ya ci gumin yara. Yaron da ke wanke maka kwanuka ko ya ɗebo maka jarka huɗu, aiki ya yi, biya shi cikakke har ka ƙara. Wannan daban.

Abin da ya sa na damu haka, wallahi, mu ne. Zangon da ya wuce wani sabon ɗalibi daga gida ya kwanta asibiti, aka nemi masu kwana da shi, dandalinmu na WhatsApp ya yi tsit, mutum uku muka yi ta karɓa-karɓa. Sati biyu bayan nan aka sa taron da za a raba satifiket da lemo, kujeru suka kasa. Ni ma akwai ranar da na ga saƙon neman taimako na kife waya na ce ina da semina.

Yau da safe na koma layin ruwa. Yarinyar tana can tana tura wa wata tsohuwa bokiti da bai fi ƙarfinta ba sai kaɗan. Abokina ya kalle ni ya ce har yanzu dai ina riƙe mata naira hamsin.