KWALBA BA TA ZAMA TAKI

Yau maganata a kan gilashi ce, ga kuwa dalili.

Ran nan, lokacin noman firi, na bi ta wata gona a ƙasar Minjibir, sai na tarar mutane sun kewaye wani yaro, jini na zuba daga tafin ƙafarsa. Na tambaya, aka ce kwalba ya taka. Na ce, ina kwalba ina tsakiyar gero? Uban yaron ya ce, "Malam, ai cikin takin birni ta zo." Tun daga ran nan abin bai fita raina ba.

Kowa ya san yadda ƙasarmu ta arewacin Kano take. Daga Ungogo zuwa Dawakin Tofa, har Bichi da Dambatta, gona na jingine da gona, ba a barin saura, kowace shekara sai an noma. Abin da ke riƙe da ƙarfin ƙasar nan taki ne. Tun kaka da kakanni jakai kan shiga birni da itace, su komo da mangala cike da taki, yanzu kuwa har motoci ke kawowa. Amma takin da, toka ne da kashin dabbobi da sharar tsakar gida. Na yanzu ya zo da baƙi. Sakaina dai gara ta cinye ta, gwangwani tsatsa ta gama da shi, amma kwalba ba ta da mai ci.

To, mene ne asalin gilashi? Yashi ne, irin wanda muke takawa a rafi, shi ne wajen kashi 70 cikin 100 na kowace kwalba. Yashi shi kaɗai ba ya narkewa sai zafi ya kai awo 1,700, alhali ruwa a awo 100 yake tafasa. Saboda haka akan gauraya shi da gishirin da ke cikin kanwa don ya narke da sauƙi, a ƙara farar ƙasa don kada ruwa ya ci shi. Watau kanwar nan ta Barno da ake zuba wa dabbobi, irinta ce Misirawan da suka haƙa a Wadi Natrun suka yi gilashi da ita. Wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa sun riga sun iya yin 'yan kwalabe. A ƙasar Sham kuma, cikin ƙarni na ƙarshe kafin haihuwarsa, aka gano hura narkakken gilashi ta bututu, sa'an nan kwalba ta yi araha.

Kada wani ya zaci hikimar Turawa ce kaɗai. A Ile-Ife ta ƙasar Yarbawa akwai wani wuri, Igbo Olokun, inda wani masani, Abidemi Babalola, ya haƙa ya sami duwatsun wuya na gilashi fiye da 12,000, da tukwanen da aka narka su ciki. Bincike ya nuna a nan aka yi gilashin, tsakanin ƙarni na 11 da na 15. Ku duba fa, ɗaruruwan damuna sun wuce a kansu cikin ƙasa mai laima, aka tono su da shuɗinsu. In na Ife bai ruɓe ba, ina dalilin da na gonar Minjibir zai ruɓe? Wanda ka watsa bana, jikanka na iya taka shi.

Da can abin nan dukiya ne. Baturen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, da ya zo Kano cikin 1851, ya lissafa duwatsun wuya na Banis da madubai na ƙasar Jamus cikin hajar da raƙuma ke ƙetaro Sahara da ita. Yau fuskar wayar hannu, da kwalbar allurar asibiti, duk gilashi ne, har ya yi yawa mun raina shi, muna zubarwa a juji.

Mutanen Bida ba su raina shi ba. A unguwar Masaga, masu sana'ar nan sun gaji yin baƙin gilashi da yashi da kanwa, suna kuma narka fasassun kwalabe su yi ƙarau da duwatsun wuya, kamar yadda Nadel ya bayyana cikin littafinsa na 1942 a kan Nufawa. Gilashi ko sau nawa aka narka shi ba ya rage kyau. Ashe abin da yake makami a gonarmu, jari ne a hannun mai wuta.

Yankan ma ba shi ne babbar masifa ba. Ƙwayar ciwon nan mai sandarar da jiki ya sarƙe haƙora, cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune, watau cikin takin kansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kwalba kuwa ita ce mai tsaga bangon. Manomi ya kwanta cikin damuna, wa zai yi masa maimai? In Allah bai kiyaye ba, har rai yakan tafi.

Ga shawarata. Mutanen birni, in kwalba ta fashe, a tara ta cikin wani gwangwani dabam, kada a haɗa da shara. Mai lafiya kuwa a sayar wa masu man gyaɗa da zuma. Manomi, tun taki na tsibi-tsibi cikin rani, a baje shi da manjagara a tsince, abin da aka tsinta a binne cikin rami mai zurfi nesa da gona da hanyar dabbobi. A sa wa yara takalmi ko da na taya ne. Wanda ya yanke, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, kada a tusa ƙasa ko toka, a tafi asibiti a yi allurar rigakafi tun ran nan.

Ina roƙon malaman makaranta su karanta wa almajiransu wannan, dagatai da masu unguwa kuma su faɗa a dandali kafin a fara jigilar taki. Wanda ya san wata dabara da ta fi tawa, ya rubuto mu ƙaru. Allah Ya ba mu damuna mai albarka, amin.

Naku,
Akawun Ƙauye