Cinikin Tsakiyar Kaka: Abin da Tarihin Boston Red Sox Ke Koyarwa

A makon jiya gardama ta kaure a ɗakin hutun malamai tsakanin abokan aikina biyu, dukansu magoya bayan Liverpool, a kan masu ƙungiyar. Ɗaya ya ce 'yan kasuwa ne da ba su san darajar gwarzo ba, ɗayan ya ce su ne suka fitar da ƙungiyar kunya. Na ce musu wanda yake son sanin halin mutum, ya je ya gan shi a gidansu. John Henry da abokan kasuwancinsa sun sayi Liverpool a 2010, amma tun 2002 suke riƙe da Boston Red Sox, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙungiyoyin wasan besbol a Amurka. Musayar 'yan wasan da wannan ƙungiya ta yi a tsakiyar kaka, kafin zuwansu da bayansa, ita nake so mu duba a yau.

Da farko sai mai karatu ya san cewa kasuwar besbol ta bambanta da ta ƙwallon ƙafa. Ƙungiyoyi 30 ne, kowace tana buga wasa 162 daga wajen watan Afrilu zuwa ƙarshen Satumba. Galibi ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi, musaya ake yi, mutum da mutum, kuma kwantaragin ɗan wasa yana bin sa duk inda aka kai shi. Ba a neman yardarsa, sai idan an rubuta haka a kwantaraginsa, ko kuwa ya shekara goma a babbar gasar, biyar na ƙarshe a ƙungiya ɗaya. Mutum zai iya karin kumallo yana ɗan Boston, ya ci abincin dare yana ɗan Chicago. Babbar kasuwar takan rufe ne a ƙarshen Yuli. A lokacin ƙungiyar da ke hangen kofi takan ba da matasanta ta karɓi ƙwararru, wadda ta fid da rai kuwa ta ba da ƙwararru ta karɓi matasa. A taƙaice, ɗaya tana sayar da gobenta don yau, ɗaya tana sayar da yau don gobe.

Boston ta shiga wannan kasuwa da tsohon ciwo. Tun 1918 rabonta da kofin World Series, wanda shi ne ƙololuwar gasar, kuma kowace shekara magoya baya suna ƙara matsa wa shugabanni lamba. A ƙarshen Agustan 1990 matsin ya yi aikinsa. Ƙungiyar tana neman mai jifa da zai riƙa shigowa a ƙarshen wasa, sai ta karɓi Larry Andersen mai shekara 37 daga Houston Astros, ta ba da wani matashi ɗan shekara 22, Jeff Bagwell, wanda bai taɓa buga babbar gasar ba. Andersen ya yi aikinsa da kyau na wata guda. Boston ta zo ta ɗaya a rukuninta, sannan Oakland ta doke ta wasa huɗu a jere, Andersen kuma ya kama gabansa. Bagwell ya shekara 15 a Houston, ya fitar da ƙwallo bayan fili sau 449, ya zama gwarzon gasa a 1994, aka sa shi a zauren tarihin wasan a 2017. Abin da ya fi ciwo, a Boston aka haife shi, kuma ƙungiyar da ya taso yana so ke nan.

Shekara bakwai bayan haka sai reshe ya juye da mujiya. A ranar 31 ga Yulin 1997 Seattle Mariners ce ke cikin gaggawa, tana neman irin mai jifan da Boston ta nema a 1990. Boston ta ba ta Heathcliff Slocumb, ta karɓi matasa biyu da ba kowa ya san su ba, Derek Lowe da Jason Varitek. A ranar babu wanda ya yi biki. Mu ajiye sunayen nan biyu, za mu dawo kansu.

Cinikin da ya fi girgiza birnin shi ne na 31 ga Yulin 2004. Nomar Garciaparra shi ne ɗan lelen Boston: gwarzon sababbin 'yan wasa a 1997, zakaran masu duka a 1999 da 2000, yara suna kwaikwayon tsayuwarsa. Sai dai yana fama da rauni a agara, kwantaraginsa na ƙarewa a ƙarshen kakar, dangantakarsa da shugabanni kuma ta yi tsami. Manajan ƙungiyar, Theo Epstein, wanda shekarunsa 30 kacal a lokacin, ya lura cewa duka bai dami Boston ba, tsaron fili ne ya yi rauni, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ya tura Garciaparra Chicago Cubs, ya kawo Orlando Cabrera da Doug Mientkiewicz, waɗanda ba su kai shi suna ba amma hannunsu bai cika sakin ƙwallo ba. A ranar kuma ya ɗauko Dave Roberts daga Los Angeles Dodgers, mutumin da babbar baiwarsa ita ce gudu, cinikin da kusan babu wanda ya kula da shi.

Magoya baya sun yi tir. Amma ƙungiyar ta ci wasa 42 cikin 60 na ƙarshe. A zagayen kusa da ƙarshe ta haɗu da babbar abokiyar gabarta, New York Yankees, a karawar da wanda ya fara cin wasa huɗu shi ke wucewa. Yankees ta ci uku na farko. A wasa na huɗu, ana dab da tashi, Boston tana baya da ci ɗaya, aka sako Roberts don ya yi gudu kawai. Ya saci hanya zuwa tasha ta biyu, daga can ya kawo cin da ya rama, Boston ta ci wasan, ta ci ukun da suka biyo, abin da babu ƙungiyar da ta taɓa yi a tarihin gasar. Daga nan ta doke St. Louis Cardinals wasa huɗu a jere, ta ɗauki kofin bayan shekara 86. Lowe, wanda aka karɓo a 1997, shi aka rubuta wa nasarar wasan ƙarshe a kowane zagaye uku. Varitek ya zama kyaftin. Ƙwallon da ta rufe gasar kuwa a hannun Mientkiewicz ta sauka.

Idan aka jera waɗannan ciniki uku, abin da ya raba su a fili yake. A 1990 an sayi sauƙin wata guda da arzikin shekara goma sha biyar, domin tsoron surutun jama'a ya rinjayi lissafi. A 1997 an yarda a jira. A 2004 an gano takamaiman inda ɓarakar take, aka ba da suna aka karɓi abin da ake buƙata. A dukkan ukun, hukuncin ranar cinikin ya saɓa wa hukuncin da shekaru suka yanke.

Wannan hali ya ci gaba. A Yulin 2008 an rabu da Manny Ramirez. A Agustan 2012 an tura Adrian Gonzalez da Carl Crawford da Josh Beckett zuwa Dodgers tare da nauyin albashi na sama da dala miliyan 250, ƙungiyar ta ƙare kakar a ƙarshen rukuninta, sannan ta ɗauki kofi a 2013. A Yunin 2018 an ɗauko Steve Pearce daga Toronto ba tare da hayaniya ba, shi ne kuma ya zama gwarzon World Series na shekarar. Mai bin Liverpool zai gane wannan salon. A Janairun 2018 aka sayar da Philippe Coutinho ga Barcelona ana tsakiyar kaka, a watan Virgil van Dijk ya iso, mai tsaron gida Alisson ya biyo baya da bazara, kofin Zakarun Turai ya zo a 2019, na Firimiya a 2020.

Ba ina cewa duk wanda ya sayar da gwarzo ya yi daidai ba ne. Musayar matasa sayen kifi a ruwa ne, kuma akwai shugabannin da ke fakewa da maganar gobe don su rage kashe kuɗi. A Yunin 2025 Boston ta tura Rafael Devers zuwa San Francisco Giants, shekara biyu da rabi bayan ta ba shi kwantaragin sama da dala miliyan 300, magoya baya suka sake fusata. Suna da haƙƙin yin fushi. Ni dai tambaya biyu nake yi wa kowane irin wannan mataki, a filin wasa ko a ofis: wace ɓaraka aka yi niyyar toshewa, kuma wanda ya yanke shawarar zai tsaya a tuhume shi idan ta ƙi? Abokaina biyu ba su daina gardama ba, amma mun yarda cewa maganar Devers sai nan da 'yan shekaru, idan Allah Ya kai mu.