Ƙafiya Ba Baƙuwa Ba Ce



Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne wata muhawara da muka yi da wani ɗalibi a wani zaure a Kazaure. Muna duba wata tsohuwar waƙar wa'azi ta ajami, na ce ƙafiyarta ta yi kyau. Sai ya ce mini in daina cewa ƙafiya, wai baƙuwar kalma ce, amsa-amo ne Hausa. Ya ƙara da cewa lokaci ya yi da za a tsarkake nazarin adabi daga kalmomin aro.

Na ce masa: ɗan'uwa, "nazari" da "adabi" da ka ambata yanzu, daga ina suka zo? Larabci ne. Haka "sharhi", haka "baiti", haka "ra'i" da kake jingina wa Markisanci ba tare da ka ji ƙyamar baƙunci ba.

Ban raina amsa-amo ba. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo, a Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, a Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993, sun yi mana hidima da kalmomi irin su jigo da turke da mutuntarwa. Allah Ya saka musu. Amma rubutacciyar waƙarmu tare da ma'auninta ta zo. Arulin da Halilu ɗan Ahmad ya tsara a Basra a ƙarni na 8, da shi malaman jihadi suka auna baitocinsu. Wanda bai san bahari ba, bai san tahamisi ba, ta yaya zai gane inda mawaƙi ya ƙware da inda ƙafarsa ta karye?

Abin tsorona ke nan: a wayi gari ɗan Roni ko Babura ko Gwiwa ya buɗe gafakar kakansa, ya tarar da ƙasida, ya kasa tattaunawa da malamin zauren unguwarsu a kanta, don an raba su da kalmomin da za su fahimci juna.

Kalmar da ta shekara ɗaruruwa a bakin malamanmu ta zama 'yar gida. Ku riƙe amsa-amo, ku riƙe ƙafiya. Ba a korar uwargida don an yi amarya.

Allah Ya sa mu dace. Wassalam.