Arzikin mutane da tsofaffin Maraɗi

A shekarar 1986 wani masani Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya fitar da littafi a kan alhazan Maraɗi. Abin da ya gano, kowane ɗan kasuwa ya san shi: ba a auna alhaji da kuɗinsa kaɗai, sai an haɗa da arzikin mutane, wato yawan barori da dillalai da abokan hulɗarsa. Ubangida yana ba bara jari, yana tsaya masa ranar aure da suna, bara kuwa yana tsare masa amana. Lokacin da fari ya karya noman gyaɗa a 1973 da 1974, irin wannan hulɗa ce ta taimaki alhazai suka karkata ga fatauci da Najeriya.

Barbara Cooper, Ba'amurkiya masaniyar tarihi, ta duba ɓangaren matan Maraɗi cikin littafinta na 1997. Ta nuna cewa bikin da mace ke kai wa ƙawarta tamkar ajiya ne, za a mayar mata da shi ranar da nata sha'anin ya taso.

To amma zumunci a ƙafa yake. Ina makomar dattijon da tsufa ya hana shi fita kasuwa, ko gyatumar da ta daina kai biki? Wani bincike daga Amurka ya taɓo wannan tambaya. A watan Yuli na 1995 zafi mai tsanani ya kashe mutum fiye da 700 a birnin Shikago, akasarinsu tsofaffi, da yawa sun cika su kaɗai cikin ɗaki. Eric Klinenberg ya kwatanta unguwanni biyu na talakawa masu maƙwabtaka, ya tarar mace-mace sun yi ƙaranci a wadda ke da shaguna da zirga-zirga, inda tsoho ke fitowa a gan shi, sun kuma yi yawa a wadda ta zama kufai.

Maraɗi ba baƙuwar masifa ba ce. Ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta tada tsohon gari daga kwari zuwa tudu. An ga yunwar El Buhari a 1984, an ga ta 2005, sannan a daminar 2024 jihar tana cikin waɗanda ruwa ya fi yi wa ɓarna. Samari kuwa daga Tibiri har Jiratawa suna tafiya ci-rani, suna barin iyaye a gida. Kuɗin da suke aikowa yana sayen hatsi, amma ba ya fidda tsohuwa daga ɗakin laka da tsakar dare. Wannan aikin maƙwabci ne.

Saboda haka ya kamata ma'aikatar magajin gari, tare da masu unguwa da limamai, su rubuta sunayen tsofaffin da ke zaune su kaɗai tun kafin damina ta faɗi, a ɗora wa wani gida alhakin leƙa kowanensu. Ma'aikatan da ke rabon tallafi su tuna cewa mai ƙarfin tsayawa layi ba lalle shi ne mafi buƙata ba. Alhazai su ma su waiwayi tsofaffin barorin da suka gina musu dukiya. Allah ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.