A Tambayi Faɗin Ƙofa, Ba Girman Rumbu Kaɗai Ba

Idan ɗalibi ya shiga shagon kwamfuta a Tudun Wada neman laftof don koyon zanen gine-gine, abin da ake fara gaya masa shi ne katin hotonta yana da gigabait 4. Wannan girman rumbu ne kurum. Abin da ake mantawa shi ne faɗin hanyar da bayanai ke bi daga rumbun zuwa injin zane, wanda ake aunawa da bit. Duk wanda ya ga turereniya a Ƙofar Doka ranar Sallah ya san illar ƙuncin mashiga.

A shekarar 2021 kamfanin Nvidia ya fito da RTX 3050 da RTX 2050 na laftof, kowanne da gigabait 4. Na farko hanyarsa bit 128 ce, tana wucewa da gigabait 192 a daƙiƙa. Na biyu bit 64, gigabait 112 kacal. Da zane ya yi nauyi, injin na biyun sai ya tsaya jiran kaya, alhali kuɗin iyaye sun riga sun tafi.

Lissafin ba wuya: faɗin hanya sau saurin rumbu, a raba da 8. Ya kamata malaman sakandare su sa shi cikin darasi, su kuma gargaɗi ɗalibai kada su gwada katunan da ba zamaninsu ɗaya ba, domin na baya-bayan nan suna da ƙaramar ma'ajiya a jikin injin mai rage zirga-zirga.