Fis ɗin da Ba a Gani: Taswirar Lantarki da Aikin Masana Harshe

A Ƙanƙara ko Faskari, idan wuta ta ɗauke a unguwa, akan ce fis ya ƙone. A wurin injiniya kuwa, wannan jimla tana ɗauke da ma'anoni biyu masu nisa da juna.

Taransifomar da aka saba gani fis ɗinta a waje yake, rataye a saman turke. In ya tsinke, ma'aikaci ya sauko da shi da doguwar sanda, ya sauya wayar, ya mayar. Akwai kuma nau'in da ke kare kansa, irin ƙananan nan masu ƙarfin kVA 25 da 50 da shirin NIPP ya kakkafa a sassan ƙasar nan. Wannan fis ɗinsa yana cikin tukunya, nutse a mai, tare da makashin da ke yanke wuta idan nauyi ya yi yawa. Makashin ana mayar da shi daga waje; fis ɗin ciki kuwa, tsinkewarsa galibi alama ce ta lalacewar taransifomar kanta, sai an sauke ta.

Masu tsara manhajar taswirar layukan wuta suna da zaɓi biyu: su zana fis ɗin ciki a matsayin na'ura mai zaman kanta, ko su shigar da shi cikin bayanan taransifomar don rage cunkoso. Na farko ya fi dacewa a ganina, domin manhaja ba ta iya nuna inda wuta ta yanke sai a na'urar da ta san da zamanta. Ga kamfanin KEDCO, mai kula da Kano da Katsina da Jigawa tun 2013, wannan ya wuce ƙawata zane. Wanda zai bi hanyar Funtua zuwa 'Yankara, ko ya shiga ƙauyukan Sabuwa a wannan yanayi na 'yan bindiga, tilas ya sani tun daga ofis ko sanda zai ɗauka ko motar ɗaga kaya. Tafiyar banza a can sayar da rai ce.

Sai dai rahoton da ke isa ga taswirar da Hausa yake fitowa, kuma kalmar fis ɗaya ce tak. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'inmu su zauna da masu hawa turke, su ji yadda suke bambance su a bakin aiki, kafin a ƙago wata kalma daga tebur. A kuma tabbatar rumbun bayanan yana karɓar haruffa masu ƙugiya, don in aka cire su, harafi guda ne ya raba Ƙanƙara da 'Yankara.